Rawar Bale da 'Yan Kallonta: Tarihin Ƙarni Biyar

Bale rawa ce ta dandamali wadda ake yi da kiɗa, ana isar da labari ko yanayi da motsin jiki kawai, babu magana babu waƙa. Mai son ya zama gwaninta yakan fara horo tun yana ɗan shekara tara ko goma, ya shafe kusan shekara takwas a makaranta kafin wata ƙungiya ta ɗauke shi aiki. Babbar ƙungiyar bale takan ƙunshi masu rawa daga hamsin zuwa sama da ɗari biyu, ga makaɗa, ga maɗinka, ga masu zanen dandamali da masu kula da fitilu. Ba kasafai kuɗin tikiti kaɗai ke riƙe irin wannan gida ba. Shi ya sa a kowane zamani akwai mai ɗaukar nauyi, ko sarki, ko gwamnati, ko attajirai, ko jama'ar gari, kuma abin da ake nunawa a dandamali yakan bi ra'ayin masu kallo da masu biya.

Daga fada zuwa gidan wasa

Asalin rawar yana fadojin Italiya na ƙarni na 15, inda sarakunan birane irin su Ferrara da Milan suke ajiye malaman rawa domin koyar da 'ya'yansu. Ɗaya daga cikinsu, Domenico da Piacenza, ya rubuta littafi a kan takun rawa a tsakiyar ƙarnin. Al'adar ta yi ƙarfi a Faransa bayan Catherine de' Medici ta Florence ta auri ɗan sarkin ƙasar a 1533. Ranar 15 ga Oktoba 1581 aka nuna Ballet comique de la reine a Paris, lokacin bikin auren ƙanwar sarauniya. Wani magogi ɗan Italiya, Balthasar de Beaujoyeulx, shi ya tsara wasan, wanda ya ɗauki fiye da awa biyar. Masu rawar fadawa ne da matan fada, har da sarauniya Louise da kanta. Yawancin 'yan kallo suna zaune a benayen gefen zaure suna leƙo ƙasa, don haka abin burgewa a lokacin shi ne siffofin da jerin masu rawa ke zanawa a daɓe, da'ira ko murabba'i ko kusurwa uku.

Sarki Louis na 14 ya ɗaukaka rawar fiye da duk wanda ya gabace shi. A 1653, yana ɗan shekara 14, ya fito a matsayin rana mai hudowa a ƙarshen wani wasa na tsawon dare. A 1661 ya kafa majalisar malaman rawa goma sha uku domin daidaita ƙa'idojin sana'ar, kuma malaminsa Pierre Beauchamp ne ake dangantawa da tsayuwar ƙafa guda biyar da kowane ɗalibi ke fara koya har yau. A 1669 aka ba da izinin kafa gidan da ya zama Opera ta Paris, wanda mawaƙi Jean-Baptiste Lully ya karɓi ragamarsa a 1672. Sarkin ya daina rawa wajajen 1670, fadawa suka bi sahunsa sannu a hankali, aikin ya koma hannun ƙwararru masu albashi. Mace ta farko da ta jagoranci rawa a matsayin sana'a a wannan gida, Mademoiselle de La Fontaine, ta fito a 1681, kuma an kafa makarantar gidan a 1713.

Wannan ƙaura ta sauya kamannin rawar. Dandamali ya ɗaga sama, 'yan kallo suka koma gaba ɗaya suna fuskantarsa, saboda haka tsalle da juyi da saurin ƙafa suka fi ɗaukar ido. Mai sayen tikiti kuma yana da 'yancin da bafade ba shi da shi: ya yaba ko ya kushe. A shekarun 1720 da 1730 mutanen Paris suka rabu gida biyu, wasu na bayan Marie Camargo, wadda ta rage tsawon siket domin a ga aikin ƙafarta, wasu na bayan Marie Sallé, wadda ta fi ba da ƙarfi ga nuna halin wanda take kwaikwayo. A 1760 Jean-Georges Noverre ya wallafa wasiƙunsa a kan rawa, inda ya nemi a jefar da abin rufe fuska da tufafi masu nauyi, a bar rawa ta ba da labari da kanta. Ranar haihuwarsa, 29 ga Afrilu, ita ce yanzu Ranar Rawa ta Duniya.

Paris ta ƙarni na 19

Bayan juyin juya halin 1830, gwamnati ta miƙa Opera ta Paris ga darakta mai zaman kansa, ana ba shi tallafi amma riba da asara nasa ne. Na farkonsu, Louis Véron, likita ne kuma ɗan kasuwa, ya riƙe gidan daga 1831 zuwa 1835. Ya fahimci cewa sababbin attajiran birnin su ne kasuwarsa. Ya buɗe wa masu biyan kujerar shekara ƙofar zauren bayan dandamali inda 'yan rawa ke ɗumama jiki, ya ƙulla hulɗa da 'yan jarida, ya kuma yi aiki da 'yan tafin haya, wato mutanen da ake ba tikiti kyauta su zauna a tsakiyar jama'a su tayar da tafi a inda shugabansu ya ba da alama.

A zamaninsa ne aka nuna La Sylphide, ranar 12 ga Maris 1832. Marie Taglioni ta fito a matsayin aljanar iska, cikin farar riga mara nauyi, tana tashi a kan tsinin yatsun ƙafa. Wasu sun riga ta gwada wannan tsayuwa, amma ita ce ta mayar da ita hanyar nuna halittar da ba ta taka ƙasa. Fitilun gas da aka sa a gidan tun 1822 sun taimaka wajen samar da haske mai kama da farin wata. A 1834 Véron ya ɗauko Fanny Elssler 'yar Vienna domin ta zama kishiyar Taglioni, magoya baya suka sake rabuwa, tikiti ya ƙara tsada. Marubuci Théophile Gautier, wanda sharhinsa a jarida ya zama abin koyi ga masu rubutu a kan rawa, yana cikin waɗanda suka rubuta labarin Giselle, da aka fara nunawa ranar 28 ga Yuni 1841, Carlotta Grisi ce tauraruwa. Da Elssler ta zagaya Amurka tsakanin 1840 da 1842, masoyanta a Baltimore sun kwance dawakin karusarta suka ja ta da hannunsu. A Landan a 1845 an haɗa taurari huɗu, Taglioni da Grisi da Fanny Cerrito da Lucile Grahn, a rawa guda. Gardamar wadda za ta fito a gurbi mafi daraja ta kusa rusa shirin, sai manajan gidan, Benjamin Lumley, ya ce a jera su bisa shekarun haihuwa.

Bayan wannan ƙyalƙyali akwai wahala mai yawa. Galibin 'yan matan da ke rawa a sahun baya 'ya'yan talakawa ne, albashinsu bai isa ci da haya ba, kuma buɗe ƙofar bayan dandamali ya jefa da yawansu hannun attajirai masu neman mata. Zane-zanen Edgar Degas sun adana hoton waɗannan yara da mazan da ke tsaye a gefe cikin baƙaƙen kwat. Wuta ma barazana ce: a 1862 rigar Emma Livry ta kama da wutar fitilar gas lokacin gwaji, ta rasu bayan wata takwas tana 'yar shekara 20. Ƙarfin masu kujerar shekara ya kai ga cewa a 1861 'yan ƙungiyar Jockey Club, waɗanda suka saba zuwa a makare bayan cin abincin dare, suka tarwatsa wasan Tannhäuser na Richard Wagner da ihu da busa usur, domin an sa rawar a kashi na farko maimakon na biyu. An janye wasan bayan nuni uku. Maza masu rawa kuwa darajarsu ta faɗi ƙwarai, har a Coppélia ta 1870 mace ce ta fito a matsayin saurayi.

Rasha ta sarakuna

Yayin da bale ke ja da baya a Paris, tana bunƙasa a wurare biyu. A Copenhagen, August Bournonville ya gina salon da ya riƙe martabar namiji mai rawa. A Rasha kuwa baitulmalin sarki ne ya ɗauki nauyin komai. An kafa makarantar St. Petersburg a 1738 ƙarƙashin Bafaranshe Jean-Baptiste Landé, ƙungiyar Bolshoi ta Mosko kuma tana ƙirga tarihinta daga 1776. Ɗalibai suna kwana a makaranta, gwamnati na ciyar da su, idan sun gama aiki a ba su fansho.

Marius Petipa, haifaffen Marseille, ya isa St. Petersburg a 1847, ya shafe fiye da shekara hamsin a can. Shi ya tsara La Bayadère a 1877, da The Sleeping Beauty a 1890 da kiɗan Tchaikovsky, da Raymonda a 1898. Mataimakinsa Lev Ivanov ya tsara The Nutcracker a 1892, su biyun kuma suka sabunta Swan Lake a 1895, labarin gimbiyar da matsafi ya mayar farar tsuntsuwar ruwa, wanda nuninsa na farko a Mosko a 1877 bai bar tasiri mai ɗorewa ba. Waɗannan wasanni su ne ginshiƙin jadawalin kusan kowace babbar ƙungiya a yau.

'Yan kallon gidan Mariinsky na St. Petersburg sun yi suna wajen sanin sana'ar. A wancan zamani ana nuna bale ranakun Laraba da Lahadi. Kujerun gaba na hafsoshi ne da manyan ma'aikata, kuma kujerar shekara takan zama gado daga uba zuwa ɗa. Can benen ƙoli ɗalibai ne da ƙananan ma'aikata, masu kwana a layi cikin sanyi domin samun tikiti mai araha. Duka ɓangarorin sun san sunan kowane taku. Da 'yar Italiya Pierina Legnani ta yi juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya a 1893, sai ƙirga juyin ya zama al'adar masu kallo, 'yan rawar Rasha kuma suka duƙufa har Mathilde Kschessinska ta iya. Labaran cikin gida, wa aka ƙara wa girma, wa aka ba wane gurbi, sun zama abin tattaunawa a jaridu da gidajen cin abinci. Kschessinska, wadda ta taɓa zama masoyiyar yarima Nicholas kafin ya hau gadon sarauta, ta ƙi sa wani ɓangaren tufafin da aka tsara mata a 1901. Daraktan gidajen wasan sarki, Sergei Volkonsky, ya ci tararta, fada ta ba da umarnin soke tarar, shi kuma ya ajiye aiki.

Diaghilev da ƙungiya mai yawo

A Mayu 1909 Sergei Diaghilev ya kawo 'yan rawar Rasha gidan Châtelet a Paris, cikinsu akwai Vaslav Nijinsky da Tamara Karsavina da Anna Pavlova, da mai tsara rawa Michel Fokine. Mutanen Paris sun daɗe ba su ga namiji mai rawa irin Nijinsky ba. Ƙungiyar, Ballets Russes, ba ta da gida ko baitulmali, kuma ba ta taɓa wasa a Rasha ba. Tana rayuwa ne da tikiti da bashi da kyautar masu hannu da shuni, irin su Misia Sert da Coco Chanel. Domin riƙe irin waɗannan masu kallo dole kowace shekara a zo da sabon abu. Diaghilev ya koma ga gajerun wasanni uku ko huɗu a dare ɗaya, ya ɗauko Igor Stravinsky da Maurice Ravel su yi kiɗa, Pablo Picasso da Henri Matisse su yi zane.

Ranar 29 ga Mayu 1913 aka fara nuna The Rite of Spring a gidan Champs-Élysées. Baƙon kiɗan Stravinsky da takun Nijinsky na dukan ƙasa da karkatar da ƙafafu ciki sun raba zauren, wasu na ihu wasu na tafi, har masu rawa suka kasa jin makaɗa, Nijinsky ya hau kujera a gefen dandamali yana ƙirga musu taku da ƙarfi. Cikin shekarar ya yi aure a Buenos Aires, Diaghilev ya sallame shi. A 1921 ƙungiyar ta nuna cikakken The Sleeping Beauty a Landan fiye da sau ɗari, amma kuɗin da aka kashe bai dawo ba, mai gidan wasan ya riƙe tufafi da kayan dandamali. Diaghilev ya rasu a Venice a Agusta 1929, ƙungiyar ta watse, mutanenta suka bazu a duniya. Pavlova kuwa da tata ƙungiyar ta kai rawar Indiya da Japan da Ostareliya da Masar da Afirka ta Kudu da Kudancin Amurka kafin rasuwarta a 1931. Wani yaro da ya kalle ta a Lima a 1917, Frederick Ashton, shi ya zama babban mai tsara rawa na Ingila.

Ingila da Amurka

A waɗannan ƙasashe biyu masu kallo sun taka rawa kai tsaye wajen kafa ƙungiyoyi. Bayan mutuwar Diaghilev, masoya bale a Landan suka kafa Camargo Society a 1930, suna tara kuɗi domin shirya wasanni, masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ne ma'ajinsu. Marie Rambert da Ninette de Valois, waɗanda duka sun yi aiki da Diaghilev, kowacce ta kafa ƙungiyarta. Ta de Valois ta fara a 1931 a gidajen Old Vic da Sadler's Wells, inda tikiti ke da araha. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta zagaya garuruwa da sansanonin soja, ta sami sababbin 'yan kallo da ba su taɓa shiga gidan opera ba. A Fabrairu 1946 ta koma gidan opera na Covent Garden, a 1956 kuma ta zama Royal Ballet.

A Amurka wani matashi mai dukiya kuma mai son kallo, Lincoln Kirstein, ya gayyato mai tsara rawa George Balanchine a 1933. Suka buɗe makaranta a 1934, suka kafa New York City Ballet a 1948. Ballet Theatre, wadda ta zama American Ballet Theatre, ta fara a 1940. Balanchine ya fi son rawa marar labari, cikin kayan atisaye, amma The Nutcracker da ya tsara a 1954 ita ta zama abin da iyalai ke zuwa kallo kowace Disamba, kuma har yau kaso mai tsoka na kuɗin tikitin ƙungiyoyin Amurka daga wannan wasa yake fitowa. Arthur Mitchell, baƙar fata da ya zama tauraro a ƙungiyar Balanchine, ya kafa Dance Theatre of Harlem a 1969 domin buɗe ƙofar da aka daɗe da rufe wa baƙaƙe.

Zamanin Tarayyar Sobiyet

Bayan juyin juya halin 1917 an yi muhawara ko a rufe gidajen bale tunda na sarakuna ne. Kwamishinan ilimi Anatoly Lunacharsky ya kare su, aka riƙa raba tikiti ga ma'aikatan masana'antu da sojoji. Agrippina Vaganova ta tsara hanyar koyarwa da ta samar da irin su Galina Ulanova, aka kuma sauya wa Mariinsky suna zuwa Kirov a 1935. A lokacin yaƙin cacar baka bale ta zama jakadiyar gwamnati. Da Bolshoi ta zo Landan a 1956, mutane sun kwana uku a layin tikiti, Ulanova kuma ta fito a matsayin Juliet tana 'yar shekara 46. Malaman Sobiyet sun taimaka wajen kafa makarantar bale a Alƙahira a ƙarshen shekarun 1950, wadda ɗalibanta suka nuna babban wasansu na farko a 1966. A Kyuba, ƙungiyar da Alicia Alonso ta kafa a 1948 ta sami tallafin gwamnati bayan 1959.

Tafiye-tafiyen sun buɗe wa 'yan rawar Sobiyet ƙofar gudu. Rudolf Nureyev ya nemi mafaka a filin jirgin Le Bourget na Paris ranar 16 ga Yuni 1961, Natalia Makarova a Landan a 1970, Mikhail Baryshnikov a Toronto a 1974. Nureyev yana ɗan shekara 23 ya fara rawa da Margot Fonteyn ta Royal Ballet, mai shekara 42, a Giselle a Fabrairu 1962, kuma a Vienna a 1964 tafin jama'a ya dawo da su gaban labule sau 89. Farin jininsu ya shafi wasu: a 1965 Kenneth MacMillan ya tsara Romeo and Juliet a kan Lynn Seymour da Christopher Gable, amma shugabannin gidan Covent Garden suka ba Fonteyn da Nureyev daren farko, saboda sunansu ne ke sayar da tikiti a Amurka.

Ƙarni na 21

A yau hanyoyin riƙe ƙungiya sun bambanta. Faransa da Rasha da Denmak sun dogara sosai ga gwamnati, Amurka ga tikiti da gudummawar attajirai, Ingila kuma tana haɗa duka. Ana haska wasannin manyan gidaje kai tsaye a silima, kuma a 2014 ƙungiyoyi suka fara nuna atisayensu a intanet a Ranar Bale ta Duniya. Gurbin masu sharhi a jaridu ya ragu, mujallar Dancing Times ta Landan da aka fara a 1910 ta rufe a 2022, sai masu kallo na yau da kullum suka cike wurin da rubuta abin da suka gani da kwatanta 'yan rawa daban-daban a gurbi ɗaya.

Labaran ƙungiyoyi kuma sun fi da bazuwa. A Janairu 2013 an watsa wa daraktan rawa na Bolshoi, Sergei Filin, ruwan batir a fuska, kotu ta sami ɗaya daga cikin 'yan rawar gidan da laifin shirya harin. Annobar korona ta rufe gidajen wasa a 2020, ta jawo asara mai yawa. A 2022 tauraruwa Olga Smirnova ta bar Bolshoi zuwa ƙungiyar ƙasar Holan bayan ta soki yaƙin Yukren. Matsin lambar jama'a ya kawo sauyi a batun launin fata: Misty Copeland ta zama baƙar mace ta farko a babban matsayi a American Ballet Theatre a 2015, kamfanin Freed na Landan kuma ya fara yin takalman rawa masu launin ruwan ƙasa a 2018. A 2020 bidiyon wani yaro ɗan shekara 11 yana rawa ba takalmi cikin ruwan sama a Legas ya zagaya duniya, ya samar masa gurbin karatu a Ingila. Babban aikin da ke gaban ƙungiyoyi yanzu shi ne daidaita tsofaffin wasannin da ke cika zaure da sababbin ayyuka, da rage tsadar tikiti domin matasa, da kare lafiya da mutuncin yaran da ke makarantunsu.